Bel da Na'urar Yankan Ciyawa: Tarihin Wani Ɗan Aike

A shekarun da na yi zaman neman ilmi a ƙasar Ingila, Allah Ya haɗa ni da wani dattijo mai gidan haya, tsohon ma'aikacin masaƙa wanda ya daɗe da ajiye aiki, ba shi kuwa da wata hidima da ta fi masa daɗi irin ya fito bayan gida ranar Asabar da hantsi, in rana ta ɗan leƙo, ya aske 'yar ciyawar da ya shimfiɗa a can tamkar darduma. Wata Asabar ina ɗaki ina muɗala'a, sai na ji kukan na'urarsa ya sauya, daga gurnani ya koma tsuwa, sa'an nan ƙaurin roba ya biyo iska ya shigo ta taga. Da na fita sai na tarar injin lantarkin da ke cikin na'urar yana juyi iyakar ƙarfinsa, amma wuƙar da ke ƙarƙashi ta yi la'asar, ciyawa tana kwantawa a gabanta tana miƙewa a bayanta, ba abin da ya same ta. Na ce, "Baba, ko injin ne ya ƙone?" Ya yi murmushi ya zare waya daga bango, ya kifar da na'urar, ya kwance 'yan kusoshi, ya zaro wani baƙin zobe na roba wanda bai fi awarwaro uku girma ba, duk ya tsattsage ya yi santsi, ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, ga mai laifin." Nan take karin maganar nan tamu ta faɗo mini a rai, wai rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Wannan zobe shi ne bel, kuma tun daga ranar nan na ɗauki alkawari ga kaina cewa sai na bi salsalarsa, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma abin da ya isa ya tsai da inji mai ƙarfin doki biyu alhali nauyinsa bai kai na ƙwan kaza ba, ya cancanci a yi masa tadabburi.

Ma'anar bel a taƙaice ita ce wasiɗa tsakanin abin da ke da ƙarfi da abin da ke yin aiki. Gargare biyu ne a nesa da juna, ɗaya yana juyawa, ɗaya yana tsaye, sai a zagaya su da igiya ko fata wadda aka haɗa bakinta biyu, ta kama na farko ta ja na biyu. In gargaren farko babba ne na biyu ƙarami, ƙaramin ya yi ta wulwulawa da sauri, in kuwa aka juya lamarin, saurin ya ragu ƙarfin ya ƙaru. Wannan hikima tsohuwa ce ainun. Masu tarihin sana'o'i sun sami ambatonta a ƙasar Sin cikin wani littafin lugga na malami Yang Xiong, kimanin shekara 15 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, inda aka siffanta na'urar da masu siliki ke naɗe zare da ita a kan kwarkwaro. Almajiran da suka karanta Muƙamatul Hariri a zaure kuwa za su so su ji cewa a cikin wani kofe na wannan littafi, wanda Yahaya al-Wasiɗi ya rubuta ya ƙawata da zane a Bagadaza a shekarar 1237 ta Miladiyya, akwai hoton mace zaune tana kaɗi da keken zare, babban gargare yana jan mazari ta hanyar igiya, kuma ana lissafa wannan zane cikin mafi daɗewar hotunan keken kaɗi da suka wanzu. Ashe tun Bagadaza tana kan ganiyarta bel yake bauta a ɗakunan mata, ba wanda ya ce masa sannu.

Zamanin da bel ya hau karagar mulki shi ne zamanin manyan masaƙu, daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon na 20. A wancan lokaci masana'anta guda, komai yawan benayenta, tushen ƙarfinta ɗaya ne tak, ko dai babban gargaren da ruwan kogi ke juyawa, ko kuwa injin tururi da ke cin gawayin kwal. Mas'alar da ta dami injiniyoyi ita ce yadda za a raba wannan ƙarfi guda ga ɗaruruwan na'urori da ke jere hawa bisa hawa. Da farko da gargare masu haƙora na ƙarfe suke yi, masu nauyi, masu ƙara, waɗanda in haƙori ɗaya ya karye sai aiki ya tsaya cik har a yi zubin wani. A shekarar 1828 wani injiniya mai suna Paul Moody, a garin Lowell na Amurka, ya gwada ɗauko ƙarfin daga tushensa da faffaɗan bel na fata, aka ga ya fi sauƙi, ya fi shiru, ya fi arha wajen gyara, har wannan tsari ya zama al'adar masaƙun Amurka kafin daga baya ya bazu. Wanda ya shiga irin wannan masana'anta zai ɗaga kai ya ga dogayen sandunan ƙarfe suna juyawa a jikin rufi daga wannan bango zuwa wancan, daga jikinsu kuma bel bisa bel sun sauko kamar saiwoyin cediya, kowanne ya nufi na'urarsa, suna kaɗawa suna tafi, har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi.

Inda abu ya yawaita, nan sana'a take tsira. Majema suka ware fata ta musamman domin bel, kirgin bijimi wanda aka jeme da ɓawon itacen oak wata da watanni, ba kuma kowane sashe na kirgin ake so ba, sai tsakiyar gadon baya, gefen ƙashin baya dama da hagu, domin nan ne fata ta fi kauri ta fi ƙin miƙewa. Da yake babu bijimin da tsawonsa ya kai na ɗakin masaƙa, sai a fere bakin kowane yanki a karkace, a ɗora wani a kan wani a manne da gam, har a sami tsawon da ake bukata, sa'an nan a ɗinke baki biyu na ƙarshe da tsirkiyar ɗanyar fata ko a kama su da ƙugiyoyin ƙarfe. Kowace babbar masana'anta tana da ma'abota wannan aiki, masu zagayawa da wuƙa da basilla da tulun mai, suna shafa wa fata kitse don kada ta bushe ta tsage, suna rage wadda ta saki, suna sauraron kukan kowane bel kamar yadda makiyayi ke gane kukan saniyarsa a cikin garke. Sun san cewa fata tana sauya hali da sauyin iska, damina da rani. Sun san in aka harɗe bel aka gicciye shi, na'ura za ta juya baya. Sun kuma san wani sirri mai ban al'ajabi, cewa in ana so bel ya zauna daram kada ya zame gefe, sai a yi wa tsakiyar gargare ɗan tozo, domin ɗabi'ar bel ce ya hau inda ya fi tudu. Malaman hisabi, irin su Euler da Eytelwein, sun fitar da ƙa'idar da ke bayyana yadda riƙon igiya ke ninkuwa gwargwadon yadda ta zagaya gungume, amma waɗannan masu basilla sun san hukuncin a tafin hannunsu ko da ba su san dalilinsa a kan allo ba.

Sai dai mulkin bel bai rasa zalunci ba. Sau da yawa yakan fizgi hannun riga, ko gashin yarinya, ko yatsun yaron da aka sa ya share ƙarƙashin na'ura tana tafiya, ya yi sama da mutum ya naɗe shi a sandar rufi kafin a kai ga tsai da inji; kuma irin waɗannan musibu suna cikin sabubban da suka sa majalisar Ingila ta kafa dokar masana'antu ta 1844, wadda ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, ta kuma hana a sa yara share su suna cikin juyi. Murfin robar da dattijona ya kwance kafin ya kai ga bel, jikan wannan doka ne.

To, a cikin irin wannan duniya ta masaƙu aka haifi na'urar yankan ciyawa. Kafin a ba da labarinta wajibi ne a yi wa mai karatu bayanin wata al'ada ta Ingilishi wadda Bahaushe zai ji ta banbaraƙwai. Mu a wurinmu ciyawa abincin dabba ce, wanda ya ɗauki lauje ya nufi fadama doki ko tunkiya yake yi wa hidima, in kuwa ta fito a tsakar gida sai a sa fartanya a kankare ta don tsoron maciji. Su kuwa manyan Ingila shuka ta suke yi da gangan a gaban gidajensu, su yi ta renonta, sa'an nan su aske ta su zubar, don kawai ido ya huta a kan kore. Kuma a ƙarni na 18, zamanin mashahurin mai tsara lambuna Lancelot Brown, faɗin wannan shimfiɗa ya zama ma'aunin daraja, domin tana shaida cewa mai ita yana da ƙasar da ba ya bukatar nomawa, yana kuma da barorin da za su tsare ta. Aikin kuwa ba ƙarami ba ne: da wani dogon lauje ake yi, mai ƙota tsawon mutum, a fito tun da asuba raɓa ba ta bushe ba, gwanaye su jeru suna shara a tare, wasu na biye suna kwashewa, bayan 'yan kwanaki a sake. Talaka ba shi da rabo a cikin wannan ado.

A yammacin Ingila akwai gari mai suna Stroud, a cikin kwaruruka masu ƙoramu, wanda ya shahara da saƙar ulu, musamman jan mulufin da ake ɗinka wa sojan Ingila riguna da shi. Daga cikin matakan gama wannan yadi akwai tayar da gashinsa da wani ƙaya, sa'an nan a aske gashin ya daidaita ya yi sumul. Da can da manyan almakasai ake yi, daga baya aka ƙago na'ura mai wuƙaƙe a murɗe a jikin ganga, tana juyawa tana haɗuwa da wata wuƙa miƙaƙƙiya da ke tsaye, duk gashin da ya shiga tsakaninsu ya yanke. Wani makaniki ɗan yankin, Edwin Beard Budding, wanda aka haifa a 1796, ya dubi wannan na'ura ya yi ƙiyasi irin na masu hankali: in ana iya jawo yadi a ƙarƙashin wuƙa a aske shi, me zai hana a tura wuƙar a kan ƙasa ta aske ciyawa? Ya yi yarjejeniya da John Ferrabee, mai maƙerar Phoenix a ƙauyen Thrupp, shi ya ba da kuɗi da wurin ƙira, kuma ranar 31 ga Agusta 1830 hukuma ta ba Budding takardar mallakar wannan fasaha. Faɗin na'urar inci 19 ne. Mutum yana turawa daga baya, wata gangar ƙarfe mai nauyi tana birgima a ƙasa, ita kuma tana juya wuƙaƙen ta hanyar gargare masu haƙora, yankakkiyar ciyawa tana faɗawa cikin tire a gaba. Ana ba da labari cewa da dare yake gwada ta don gudun dariyar maƙwabta. Gidan namun daji na Landan yana cikin waɗanda suka fara saye, kuma a 1832 kamfanin Ransomes na garin Ipswich, masu ƙera garmuna, suka karɓi izinin ƙera ta. Shi dai Budding bai tsaya nan ba, har sifana mai buɗewa da tsukewa ya ƙago, kafin ya rasu a 1846.

A nan akwai abin lura, kuma shi ne ƙashin bayan wannan tarihi. Na'urar da aka haifa a gidan bel ta fito duniya ba bel a jikinta, kuma akasarin zuriyarta sun yi kusan shekara ɗari a haka. Illar kuwa a fili take ga wanda ya san halin fata: bel na fata yana son tazara mai tsawo tsakanin gargare da gargare don ya sami riƙo, yana ƙin laima, yana ƙin ƙasa da tsakuwa, alhali na'urar ciyawa 'yar ƙanƙanuwa ce, cikin raɓa da taɓo take kwana take tashi. Saboda haka aka koma wa haƙoran ƙarfe, su kuwa suna da ƙara mai firgitarwa. A farkon shekarun 1840 Alexander Shanks na garin Arbroath ya ƙera babba wadda doki ke ja, har akan sa wa dokin takalman fata don kada kofato ya ɓata shimfiɗar; ƙarar haƙoran nan kuwa takan razana dabbar. A 1859 Thomas Green na birnin Leeds ya musanya haƙora da sarƙa, irin wadda daga baya muka sani a jikin keke, ya raɗa wa na'urarsa suna da Latinanci, Silens Messor, wato mai girbi shiru, kuma ta yi kasuwa shekaru masu yawa. Da aka sami abin aski mai sauƙi sai filayen wasa suka yawaita, ƙwallon ƙafa da kurket da tanis suka sami shimfiɗar da dokokinsu ke bukata, har aka fara gasar Wimbledon a 1877, kuma ma'aikacin ofis mai ɗan fili a bayan gida ya sami abin da a da sai mai barori.

Daga nan sai aka shiga neman abin da zai ɗauke wa mutum da doki wahalar turi. James Sumner na garin Leyland ya fito da mai tururi a 1893, ƙatuwa mai nauyin gaske wadda sai an jira ruwanta ya tafasa; Ransomes suka fito da mai fetur a 1902; na'urar Atco ta 1921 ta sauko da farashi har masu matsakaicin hali suka iya saye; a 1926 kuma Ransomes suka kawo mai aiki da wutar lantarki ta gida. Amma duk wanda ya ɗora inji a kan wuƙa, tsohuwar mas'alar nan tana jiransa: da me za a haɗa su?

Jawabin ya zo daga wata nahiya, ta hanyar roba. Ɗanyar roba, wadda take ƙaron wani itace ne na dazuzzukan Amazon, ba ta da amana, da zafi ta narke ta yi danƙo, da sanyi ta ƙage ta karye, har sai da Charles Goodyear a Amurka da Thomas Hancock a Ingila suka gano cewa in aka dafa ta da farar wuta takan daidaita, suka sami takardun mallaka a 1844. A 1876 Henry Wickham ya kwaso irin itacen kimanin 70,000 daga Barazil zuwa lambun Kew na Landan, daga can aka kai dashe Silon da Malaya, roba ta wadata a duniya. Sa'an nan a 1917, a birnin Denver, John Gates, wanda shi da ɗan'uwansa Charles ke da kamfanin taya, ya ƙera bel na roba da zare mai siffa ta dabam: sama faɗi, ƙasa tsukakke, yana zama a cikin kwarmin gargare kamar yadda tsinken itace ke shiga tsaga, gwargwadon jansa gwargwadon cusuwarsa, gwargwadon cusuwarsa gwargwadon riƙonsa. Da wannan siffa bel ya daina bukatar faɗi da tazara, ya daina tsoron raɓa, ya zama zobe guda ba ɗinki, ana sayensa da lamba. Shi ne fambel ɗin da kowane direba ya sani. A shekarun 1940 aka ƙaro wani nau'i mai haƙora a cikinsa, wanda ba ya zamewa ko kaɗan, kuma keken ɗinki ne ya fara cin moriyarsa. Daga baya aka samo na uku, siriri mai ƙananan kwarmi a jere bisa tsawonsa, wanda ke iya lanƙwasa a kan gargare ƙanƙane kamar yatsa. Aka kuma musanya ƙaron itace da robar da ake haɗawa a masana'anta, aka musanya zaren auduga da zaruruwa masu ƙarfin waya.

Abin mamaki, lantarkin da ya kashe mulkin bel a masaƙu shi ne ya ba shi mafaka a bayan gida. Tun da aka iya ba kowace na'ura injinta na kanta, aka ja mata waya, sai sandunan rufi suka zama tarkace, aka sassauke su cikin shekarun da ke tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da bayansu, masu basilla da tulun mai suka watse. Amma ƙaramin injin lantarki mai arha, irin wanda ake sa wa kayan gida, ɗabi'arsa gudu ne fiye da kima da ƙarancin ƙarfin murɗa, alhali wuƙar ciyawa, musamman mai juyawa a kwance kamar fanka wadda ta yaɗu bayan yaƙi na biyu, abin da take so shi ne juyi wajen 3,000 a minti da ƙarfin da zai sare kauri. Sai aka sa ƙaramin gargare a bakin inji, babba a kan sandar wuƙa, aka zagaya su da bel, sauri ya koma ƙarfi. Akwai na'urorin da wuƙarsu ke ɗaure kai tsaye a bakin inji, ba ruwansu da wannan, akwai kuma waɗanda bel ɗinsu ƙafafu yake ja don na'ura ta tafi da kanta. Amma miliyoyin masu sauƙin kuɗi, irin ta dattijona, da wannan zobe suke rayuwa.

Akwai fa'ida ta biyu wadda ta fi ta farko zurfi. In wuƙa tana cikin gudu ta ci karo da dutse ko kututture, dole bugun ya sauka a kan wani abu. In da haƙoran ƙarfe ne, ko su karye ko sandar inji ta lanƙwashe ko wayoyinsa su ƙone, amma bel sai ya zame, ya yi tsuwa, ya ɗauki zafin a jikinsa. An yi shi mafi rauni da gangan domin ya zama fansa ga abin da ya fi shi tsada, kamar yadda ake tsai da ɗan aike tsakanin manya biyu, in magana ta yi zafi a kansa take hucewa. Saboda haka tsufan bel ba aibi ba ne a gare shi, cikar aikinsa ke nan, kuma mai na'ura da ya ji haushin sayen sabo ya manta cewa da kuɗin bel ya fanshi kuɗin inji.

Yadda dattijon nan ya sauya shi kuwa, na riƙe tartibinsa har yau. Sharaɗi na farko, wanda ba a yi masa rangwame, shi ne raba na'ura da wuta, a zare waya daga bango, in mai batir ce a cire batir da makullinta, domin injin lantarki ba ya gargaɗi kafin ya tashi. Ya sa safar hannu mai kauri, ya tokare wuƙa da guntun katako, ya kwance notin da ke riƙe da ita, ya jera duk abin da ya cire a kan jarida bi da bi yadda ya fito, don mayarwa ta zo da sauƙi. Da murfi ya buɗe bai yi gaggawar sa sabo ba. Sai da ya karanta tsohon tukuna, ya nuna mini tsagar da ke cikinsa alamar tsufa da zafi, da ƙyallin gefensa alamar ya daɗe yana zamewa, ya ce da gefe ɗaya ne kawai ya cinye, da sai mu tuhumi gargaren da rashin daidaito. Ya kankare busasshiyar ciyawar da ta cushe kwarmin gargare, ya juya kowanne da hannu yana kasa kunne ko boris ya lalace, domin sabon bel a kan mataccen boris kwanansa kaɗan ne. Ya gwada lambar da ke bayan sabon da ta tsohon, ya ce ba a auna tsohon bel da igiya a tafi kasuwa, gama ya riga ya miƙe, ƙarya zai faɗa. Sa'an nan ya maƙala shi a ƙaramin gargare, ya ɗora gefensa a bakin babban, ya riƙa juya babban sannu a hankali, yatsunsa a waje, har bel ya hau da kansa ya zauna, kowane kwarmi a mazauninsa. Ya gargaɗe ni da abu huɗu: kada a ɓanɓare shi da sukundireba, don zaren cikinsa yakan tsinke ba a gani ba, kada a ɗaure shi tamau har ya ci boris, kada kuma a bar shi sako-sako har ya ƙone, a tsaya tsakatsaki, kuma kada mai ya taɓa shi, gama man da ke rayar da bel na fata shi ke kashe na roba.

Da na tambaye shi inda ya koyi wannan, sai ya ce a masaƙar da ya fara aiki yana saurayi akwai sauran ɗaki guda da ba a sauke sandunansa ba, da wani tsoho mai kula da su, wanda in ya ɗora tafin hannu a bayan bel yana tafiya zai gaya maka kwana nawa ya rage masa. Na yi shiru ina tunanin wannan silsila, daga mai kaɗin Bagadaza zuwa majemin kirgi, daga shi zuwa tsohon masaƙa, daga tsohon zuwa wannan dattijo mai durƙuso a kan ciyawa, ga shi kuma yau ta iso kunnen baƙo daga ƙasar Hausa.

Ban kuwa gane cewa mu ma muna da kaso a cikin silsilar ba sai da na komo gida. Ciyawar ado ba ta yi saiwa a wurinmu ba in ban da filayen folo da na ƙwallo da gidajen gwamnati, inda langalanga ta daɗe tana aikin da na'urar Budding ke yi a can. Amma bel kam ya zama ɗan gari. Yana nan a ƙarƙashin keken tela, siririyar igiyar fata da aka kama bakinta da ɗan ƙarfe, wadda in ta saki tela zai yanke kaɗan ya huda ya sake maƙalawa, daidai yadda ake yi a masaƙun Ingila shekara 150 da suka wuce. Yana nan a gaban akasarin motoci. Yana nan kuma a rumfar mai injin niƙa, tsakanin inji da bakin niƙa, inda na tsaya wata safiya na ga layin yara da ƙorai da robobi sun yi jugum, inji yana ta kuka gari ba ya fita, mai injin kuwa, wani saurayi da gari ya rufe masa gira, ya kashe inji, ya durƙusa, ya shafa bel da tafin hannunsa, ya ɗaga kai ya ce wa yaran su yi haƙuri, yanzun nan za a sa sabo.